Fulawar da Ta Sha Rubutu

A kan cinyata na kawo fulawar nan Rano, cikin baƙar leda. Ina zaune a kujerar baya ta motar haya, kusa da wani dattijo da ya dame ni da tambaya ko ana cin 'ya'yanta. Na ce ba a ci. Ya ce to ganyen fa, ana miya da shi? Na ce ba a yi. Ya dube ni, ya dubi ledar, ya kau da kai, ya bar ni da haukata irin ta 'yan boko.

A bakin titi na saye ta a Kano, ranar da muka gama wani kwas na malaman firamare. Gindinta ne ya fara ɗaukar idona, kumburarre kamar ƙaramin tulu, da gajerun rassa uku da ganye masu sheƙi. A cikin waɗanda aka jera akwai wata babba da ta yi fure, ja a baki, fari daga ciki. Ƙaramar na ɗauka, da fatan wata rana za ta zama kamar waccan. Mai lambun ya faɗi sunanta da Turanci, kafin in kai tasha na manta. Abin da ban manta ba shi ne gargaɗin da ya yi mini yana ɗaure bakin ledar. Ya ce a ajiye ta inda rana ke shigowa, kada a cika mata ruwa. Ya ce idan reshe ya karye farin ruwa ya fito, in wanke hannu da sabulu, kada ya taɓa ido, kada ya shiga bakin kowa, domin yana kisa. Na kawo wannan tun da wuri ne don kada wani ya karanta abin da ya biyo baya ya yi mini uzurin rashin sani. Tun ranar farko na sani.

Mu uku ne a gidan. Maigidana yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Kibiya, ya fita a kan babur da safe, sai bayan la'asar. Sai mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ɗakinta na kallon nawa, tsakar gida a tsakani. Sai kuma awakinta huɗu, waɗanda ba su bar koren abu a gidan ba, har igiyar shanya sun taɓa gwadawa. Saboda su ne fulawar ta zama 'yar ɗaka. Na samo tsohuwar tukunyar ƙasa da ta huje a gindi, na zuba yashi da garin gawayi da ɗan taki, na ɗora ta a kan benci a ƙarƙashin tagar gabas.

Tsakanina da Inna babu faɗa, ko sau ɗaya. Kunya ce kawai, irin ta da. Ban taɓa kallon tsakiyar idonta ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba, gaisuwa kuwa daga bakin ƙofa nake durƙusawa. Ita ma tun ranar da aka kawo ni ba ta taka ɗakina ba. Ba ta kiran sunana, sai dai Malama, da wata 'yar murya da na kasa gane ko girmamawa ce ko tsokana. A makaranta ni ce mai baki, har hedimasta yakan canza hanya idan ya hango na ɗaure fuska. A gida kuwa, ko Inna ta ce fari baƙi ne, to kawai zan ce.

Shekara biyu fulawar nan tana ɗakina ba ta yi fure ba, kuma laifina ne. Na riƙa ɗura mata ruwa safe da yamma, yadda ake yi wa baƙo ɗure da abinci. Ganyen ya riƙa yin rawaya yana zubewa. Akwai lokacin da na danna gindin na ji ya yi laushi, na tono ta, na sa leda a hannuwana biyu, na yanke ruɓaɓɓen wurin da reza, na shanya ta a inuwa kwana uku, na mayar. Duk Juma'a nakan juya tukunyar don kada ta karkata wajen haske, in goge ganyen ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma. Shekarata huɗu da aure a lokacin, Allah bai kawo haihuwa ba. Matan unguwa idan sun shigo sai su leƙa tagar su ce, Malama, yaya jaririya, ta fara zama? In yi dariya tare da su, in shiga ɗaki raina a ɓace.

Waɗancan shekarun ne aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. An ga 'yan Hisba a kasuwa, an ga fastocin 'yan takara a bangon makarantarmu wani kan wani, kowa ya ƙara wa mayafinsa tsawo. A cikin haka kuma jita-jita ta tashi a kan rigakafin yara, aka riƙa rufe ƙofa idan an hango masu ɗigawa da akwatunansu. Tsoron bai tsaya a kan yara ba, ya shafi duk abin da ya fito daga asibiti. Inna tana fama da kumburin ƙafa da bugun ƙirji, likita ya ɗora ta a kan wasu ƙananan fararen ƙwayoyi. Wata rana ta tattara su ta jefa a ƙasan kwalla, ta ce ta huta. Ta koma ga rubutu. Wani tsohon malami a Yalwa ke rubuta mata a allo, ya wanke a kwalba, duk Alhamis maigidana ya biya ya karɓo.

Tana da tsarinta na sha. Da hantsi za ta tsiyaya a ɗan ƙoƙo, ta yi bismilla ta shanye. Ta zuba ruwa ta ɗauraye ƙoƙon, ta shanye wannan ma. Ɗauraya ta biyu kuwa ba ta sha, amma ba ta yarda a zubar a makwarara ko inda ƙafa ke takawa ba, don ko yaya akwai sauran aya a ciki. A gindin zogalen da ke kusurwar gida take zubawa. To a sanyin wannan shekarar aka sare zogalen don a ja katangar bayi. Na ga ta fito da ƙoƙon a hannu ta tsaya a tsakar gida tana dube-dube. Ko'ina sawun akuya ne da kashin kaji. Can sai na ji ta a bakin labulena.

"Malama, wannan tukunyar taki, akuya na kaiwa gare ta?"

Na ce ba ta kaiwa, Inna.

Ta tuɓe takalmi ta shigo. Na rasa inda zan sa kaina, na tsugunna a gefen gado. Ta tsiyaye ruwan a gindin fulawar a hankali, ta tsaya tana kallon ɗakin, gadon, littattafan, har kalandar da ke bango. Ta ce ashe ɗakin yana da haske. Ta fita. Wallahi na yini ina jin daɗi kamar an yi mini kyauta.

Daga ranar kullum da hantsi sai ta shigo, in ina nan, in ba na nan. Ni kuma don tsoron kada ruwa ya yi yawa, na daina ba ta nawa gaba ɗaya. Rabin ƙoƙo a yini, shi ke nan abin da take samu. Da zafin bazara ya kama, sai ga wasu 'yan tsinin abubuwa a kan reshen tsakiya, a nannaɗe. Wata safiya na farka na tarar biyu sun buɗe, ja a baki, fari daga ciki, sak irin na babbar da na bari a Kano. Na san dalili sarai. Ƙishirwa da rana take so, kuma sai yanzu ta samu. Amma da Inna ta shigo da ƙoƙonta ta gani, ta tsaya cak, ta yi ta tasbihi. Ta ce shekara biyu tana shan ruwan rijiya ba ta ce komai ba, wata uku da ayar Allah, ga shi.

Ban gyara mata ba. Na ga abin ba shi da illa, kuma gaskiya na ji daɗin yadda take kallona.

Labari ya zaga unguwa. Matan da ke tambayata jaririya suka riƙa sallama suna tuɓe takalmi a bakin ƙofata. Inna ce ke yi musu jagora, tana dogara bango da kumburarrun ƙafafunta, tana nuna musu kamar ita ta haifa. Takan ce wannan ta fi wasunku karatu, a yi dariya. Har ta fara cewa 'yata ce ta kawo ta daga birni. Shekara huɗu ban taɓa jin ta ce mini 'yata ba. Ni da ake gani ba na iya komai sai alli da allo, ga shi ɗakina ya zama wurin zuwa.

Wadda ta fara ɓata mana wannan daɗin Bafulatanar da ke kawo mana nono ce, wata doguwar mata mai ƙarancin magana da ke zuwa daga rugar da ke bayan duwatsu. Ta sauke ƙwaryarta a inuwar ɗakina, ta ɗaga kai ta hango furen ta taga. Sai na ga ta janye ƙwaryar daga ƙarƙashin tagar. Ta tambaya me wannan take yi a ɗakin mutum. Ta ce a wajensu cikin duwatsu irinta ke fitowa, ko da rani ya yi tsanani shanu ba sa kai mata baki, kuma tsofaffinsu sun ce da ita maharba ke haɗa dafin kibau a da. Ta faɗi sunanta da Fulatanci, shi ma ban riƙe ba.

Inna na zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ko ɗaga kai ba.

"Waccan ta dawa ce, ba ta san komai ba. Wannan ayar Allah take sha." Sai ta juyo wajena. "Ko ba haka ba, Malama?"

Akwai mata biyu na unguwa a wurin. Idan na ce a'a, na ƙaryata surukata a gaban baƙi, na goyi bayan mai tallar nono, kuma a irin wancan lokaci za a ce 'yar boko ta raina aya. Duk wannan ya ratsa kaina kafin in buɗe baki. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Inna."

Bafulatanar ta dube ni, ta auna mana nono, ta ɗauki ƙwaryarta. Ba ta ƙara saukewa a inuwar ɗakina ba.

Tun daga ranar na fara ƙirga ganyen. Ban gaya wa kaina dalili ba, kawai dai kafin in tafi makaranta sai in tsaya in ƙirga, in na dawo in sake. Talatin da bakwai ne. Kwana biyar suna talatin da bakwai. A rana ta shida na dawo na samu talatin da shida. Na duba ƙarƙashin benci, na duba bayan tukunya, ko ya faɗi da kansa. Babu. A gurbinsa akwai ɗigon farin ruwa da ya bushe ya yi ƙyalli. Ganyen da ya faɗi da kansa ba ya barin wannan.

Da maigidana ya dawo na bari ya ci abinci, na gaya masa komai, har da maganar mai lambun. Ya gama sakace. Ya ce Inna ba yarinya ba ce, ta san tumfafiya, ta san tinya, ta san duk itacen da ke fitar da farin ruwa ba a wasa da shi. Wataƙila wata ce ta tsinka don ta ajiye a cikin kaya saboda albarka. Na ce ko ma wace ce, ya yi wa Inna magana, shi ɗanta ne. Ya ce zai yi. Na ga ya je ya durƙusa a ƙofarta, sun yi maganar taki da farashin masara, ya taso. Shi ɗan fari ne, kunyar da ke tsakaninsu ta fi tawa. Ni na tura shi, shi ya dawo mini da saƙon, kowa na jiran wani ya faɗa.

Bayan kwana uku suka koma talatin da huɗu, kuma fure ɗaya ya ɓace.

Sai na yi abin da na ga ya fi sauƙi. Na nemo kwaɗo na kulle ɗakin, na sa makullin a jaka na tafi makaranta. Ƙarfe biyu saura na dawo, rana kamar za ta fasa kai. Ina shiga gida na hango Inna zaune a kan dakalin ƙofata, inda babu inuwa, ƙoƙon a kan cinyarta ta rufe shi da gefen mayafi. Tun hantsi take nan. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta amsa gaisuwata, ta jira na buɗe, ta shiga ta tsiyaye ruwan, ta fito. A bakin ƙofa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, idan wani abu ne ya ɓata a ɗakin in faɗa a nema. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Washegari na bar ƙofar a buɗe, na jefa kwaɗon a ƙasan akwati.

Na yi tunanin tumɓuke fulawar in jefar. Amma ina zan jefa ƙasar da ta sha rubutu wata huɗu, kuma me zan ce wa Inna? Na yi tunanin in kai ta ofishin hedimasta in ce makaranta ce ta nema. Wannan dabarar ta yi mini, har na sa ranar Litinin. Litinin ta zo, sai na ga reshen hagu, wanda bai taɓa yin komai ba, ya fito da 'yan tsini har guda shida. Na ce bari su buɗe in gani a ɗakina, ko sau ɗaya, sannan in kai ta. Wannan ita ce gaskiyar da ta fi yi mini wuyar rubutawa. Ba kunya kaɗai ce ta hana ni ba. Ina son abata, kuma ina son a ci gaba da shigowa ana tuɓe takalmi.

Gidan ya canza mini a kwanakin nan. Ina cikin aji ina rubutu a allo sai hankalina ya koma gida. Idan na dawo, kafin in yi sallama sai na tsaya a zaure na kasa kunne ko zan ji motsin Inna. Na riƙa satar kallon kwanukan da ke ƙofar ɗakinta, musamman wani mai murfi da ban san shi a wurin ba. Ban taɓa ɗaga murfin ba. Suruka ba ta buɗe kwanon surukarta.

Ranar Laraba ce. Na tsaya a zaure kamar kullum, ban ji komai ba, ko awakin ba su yi kuka ba. Ɗakina na fara shiga. Reshen hagu babu shi. An yanke shi da wuƙa, yanka mai kyau, farin ruwan ya gangaro ta kan gindin har cikin yashi. Na yar da jaka na fito. A murhu akwai ƙaramar tukunya, wutar ta mutu, a ciki ga guntun reshe da ganye sun dahu sun yi baƙi-baƙi. Na lura guntun bai kai tsawon abin da aka yanke ba, amma hankalina bai tsaya a kai ba.

Inna na zaune a ƙasa a ɗakinta, ta jingina da gado, ta yi amai a gefen tabarma. Ban yi sallama ba, ban tuɓe takalmi ba. Ta ɗago ta ce, Malama, me ya sa komai ya koma ruwan ɗorawa? Na kama hannunta, karo na farko da na taɓa jikinta. Sanyi ƙalau. Jijiyar tana bugawa ɗaya, ta yi dogon shiru har in zaci ta tsaya, sannan ta sake bugawa. Na dubi tsakiyar idonta.

"Inna, guba ce. Tana kisa."

Ta tambaya wa ya gaya mini. Na ce wanda ya sayar mini.

"Tun can?"

"Tun can, Inna."

Ta daɗe tana kallona. Babu fushi a fuskarta, mamaki ne kawai. Ta ce, "Ai na tambaye ki, Malama."

Maƙwabcinmu mai motar ɗaukar kaya ne ya kai mu asibiti, na riƙe guntun reshen a leda na nuna wa likita. Kwana tara ta yi a kwance. Ta tashi, ta dawo gida, amma ba ita ce ta dawo ba. Daga ɗaki zuwa bayi sai ta huta sau biyu. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ce masa ciwonta ne na da ya motsa. Ba ta ambaci fulawa ba, ba ta ambace ni ba, ko ga ɗanta, wanda ya riga ya san komai daga bakina. Shi kuma ya je Yalwa ya tambayi malamin yadda za a yi da ƙasar. Malamin ya ce a binne a wuri mai tsarki, ya ƙara da cewa shi rubutu ya bayar a sha, bai ce a shayar da itace ba. Maigidana ya ɗaure tukunyar a bayan babur ya nufi cikin duwatsu, ya dawo ba ita. Zagayen gindinta ya daɗe a kan bencin, na goge ya ƙi fita.

Inna ba ta ƙara shiga ɗakina ba. Da hantsi nakan hango ta ta labule, ta sha rubutunta, ta sha ɗauraya ta farko, ta sha ta biyu. Tana kirana Malama kamar da, sai dai 'yar muryar nan da na kasa fassarawa ta tafi. Sai da na rasa ta na gane ashe wasa take yi da ni duk shekarun nan.

Gero ya fara fitar da kai ta rasu, da safe, bayan ta sha koko. Na koma wajen likitan daga baya na tambaye shi ko abin da ta sha ne. Ya ce zuciyar da ma ta gaji, ba zai iya ce mini e ko a'a ba. Ban yi kuka ba ranar, ban yi ba washegari. Ina ta hidimar baƙi, ana cewa Malama akwai dauriya.

Ranar sadakar uku tsakar gida ta cika da mata. Ina raba gumba sai wata 'yar ƙanwar Inna da ke aure a Rurum Tsohon Gari ta jawo ni gefe, wai za ta ba ni haƙuri. Ta ce Inna ta bar mata abin tunawa. Ranar da ciwon nan ya tashi, da safe ta zo gaishe ta, ta tarar Inna ta yanko reshen fulawar nan mai albarka, ta raba biyu ta ba ta rabi ta ce ta dasa. Ta dasa a bayan ɗaki, da damina ta sauka ya kama, har ya yi ganye. Ta ce 'yarta ta yaye tana fama da tari ya ƙi ji, shi ne jiya ta tsinki ganye biyu ta jiƙa a kofi, ta bar wa surukarta ta ce idan ya jiƙu a ba ta.

Na san abin da Inna ta yi mini. Ta rufa mini asiri har ta shiga kabari, kuma da na ja matar nan lungu na raɗa mata, da asirin ya ci gaba da rufuwa. Amma ban san mata nawa ne a cikin gidan nan suka taɓa tsinkar ganye suka ɓoye a ƙasan kwalla ba. Na ajiye kwanon gumbar. Na miƙe tsaye a tsakiyarsu, na yi magana da muryar da nake yi a aji.

"Fulawar da ke ɗakina guba ce. Ita ta kwantar da Inna. Na sani tun ranar da na sayo ta, ta tambaye ni na ce mata ba komai. Duk mai ganyenta a gida ta ƙona."

Daga waje ana jin addu'ar maza. Ban tsaya ganin fuskokinsu ba. Na ratsa zaure na fita ƙofar gida, inda maza ke zaune a tabarmi, abin da mace ba ta yi a ranar makoki. Na ce wa maigidana Rurum, yanzu. Ya dubi fuskata, ya tashi ya tayar da babur. Uwar yarinyar ta biyo mu a kan acaba, ko mayafinta ba ta gyara ba.

Hanyar ta yi caɓi, sau biyu muna sauka muna turawa. Ban san abin da na riƙa karantawa ba. Da muka isa na shiga gidan ba sallama. Yarinyar na zaune a ƙasa tana wasa da murfin kwano, tana tari. Kakarta ta fito tana tambayar lafiya. Na ce ina kofin? Ta nuna mini kan katanga, an rufe shi da faifai. Na ɗaga. Ruwan ya yi kore-kore, ganye biyu na yawo a ciki, yana nan cike har baki. Tsohuwar ta ce ta so ba ta da safe, sai ta ga gara uwarta ta dawo ta ba ta da hannunta. Sau uku na sa ta maimaita cewa ba a ba ta ko kurɓi ɗaya ba.

Na zagaya bayan ɗaki na tarar da fulawar a gindin katanga, 'yar ƙarama, ganyenta na sheƙi bayan ruwan sama. Da hannu na tumɓuke ta, ba leda, na kakkarya, farin ruwan ya ɓata mini yatsu. A nan na zauna cikin laka na yi kukan Inna, wanda na kasa yi kwana uku.

Matan gidan da na maƙwabta suka taru a kaina, ba su san ko ni wace ce ba. Wata ta miƙo hannu za ta ɗauki karyayyen reshen ta gani. Na riƙe hannunta. Na ce a kawo sabulu, kada ya taɓa ido, kada ya shiga bakin kowa, yana kisa. Na faɗa musu duka, da ƙarfi, ina kallon idon kowace. Bai ɗauke ni ko minti ɗaya ba.